Tsohon Agogon Halifax

Litinin, 13 ga Agusta
Mun iso Halifax. Ni na tuƙo daga Moncton. Matata Verna ba ta san abin da likitan ido ya gaya min ba: tsakiyar ganina na mutuwa, babu magani, in bar tuƙi. Shekara talatin da ɗaya ina jan motar 'yan makaranta, ko kaza ban taɓa takawa ba, yau wai ni za a zaunar. Jar fitilar wata babbar mota na bi har cikin gari.

Talata, 14 ga Agusta
Bakin ruwa, tsofaffin jirage. Verna sai nuni take, "Alton, dubi wancan." Ni kuwa sai "Kai, ya yi kyau." Duk abin da na kalla kai tsaye tabon toka ne, gefe-gefe kawai ya rage. Soyayyen kifinsu gishiri ya yi yawa.

Laraba, 15 ga Agusta
Mun hau tudun ganuwar sojojin dā. Tsohon agogon gari na ƙasanmu, kowa na ɗaukar hotonsa. Verna ta ce ta manta tabaranta a masauki. "Tsoho, ƙarfe nawa ya ce?" Na ce sha ɗaya da kwata. Ban rufe baki ba igwar da suke harbawa kullum sha biyun rana ta tashi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce agogon ne ya tsufa. Ta ce, "Shi ma?" Ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 16 ga Agusta
Ruwan sama. Ban fita ba. Tsoro nake ji, gaskiya. Me za a yi da direban da ba ya gani?

Juma'a, 17 ga Agusta
Hasumiyar fitilar jiragen ruwa a ƙauyen Peggy's Cove. Ina ja da baya a wurin ajiye motoci Verna ta damƙe hannuna, "Tsaya!" Wata mata ce a bayan motar, da jariri a ƙirji. Ban gan ta ba ko kaɗan. Har ta ɗaga min hannu, baiwar Allah.
Muka zauna kan duwatsu. Can Verna ta ce, "Hasumiyar fara ce, kanta ja. Akwai tsuntsu a samanta." Ban tambaye ta ba.
Na ce tun yaushe ta sani? Ta ce, "Tun ranar da ka gaida akwatin wasiƙar maƙwabta, har da tambayar iyali." Tabaran ma shekaranjiya yana cikin jakarta. Jira take in faɗa da bakina, na ƙi. Ta yi kuka kaɗan. Ni ban iya ba.

Asabar, 18 ga Agusta
Gida. Verna ce ta tuƙo, gwiwata ke ciwo, shi ke nan. Tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, awa huɗu. Duk hanya tana faɗa min abin da muke wucewa, coci, shanu, wata gada, na ce ta dame ni. Bayan garin Truro ta yi shiru. Mun yi tafiya mai nisa a haka, sai na ji bakina ya ce, "Yanzu kuma me muke wucewa?"