Kibiyarka Tana Nan

Baban Furera,

Na wuce wurin aiki, ban so in tashe ka ba.

'Yar kibiyar mawus ɗin da ka hana mu sakat a kanta jiya, har ka ce Furera ce ta lalata maka kwamfuta, tana nan lafiya lau. Sikirin ɗin hagu ne a kashe, ita kuwa can ta tsallaka ta laɓe. Ina kunna shi sai ga ta.

Kada ka kinkimi kwamfutar zuwa wurin mai gyaran Ƙofar Marusa. Zauna ka ƙarasa katin bikin mutane, yau za su zo karɓa.

Ɗiyarka dai ko kalaci ba ta yi ba ta tafi makaranta. Ta ce, "A gaya ma Baba, haƙurin da babu tsire ba ni karɓa."

Suwaiba