Farin Gashi a Ƙirjin Baƙin Kare

Zuwa ga Manajan shagon da ya sayar wa maigidana kare,
Doha.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Sunana Sabi'u Dauda, direban wani Bature ne mazaunin garin nan. Na yi ta sintiri a shagonka, kullum sai a ce ka fita, alhali ga motarka a ƙofa. Shi ya sa na rubuto maka ta inda kowa zai gani, domin zaman jira ya gagare ni.

Na ɗaya. Lokacin korona maigidana ya sayi ɗan kwikwiyo a wurinka, baƙi wuluk, irin da kuke kira labrado, masu ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo. Kuka ce masa ɗan asali ne gaba da baya. Ni na ɗauko shi a mota. 'Yar na'urar shaida da ake cusa wa karnuka a ƙarƙashin fata kuka ce sai an buɗe gari, ba a kuma sake tada maganar ba. Ba a jima ba maigida ya kwashi iyalinsa suka tafi ƙasarsu, tafiyar da aka ce ta 'yan makonni ce sai da ta haura shekara. Aka bar ni da gida da kare. Ni da a Zariya ko kallo kare bai ishe ni ba, sai ga ni ina auna masa abinci, ina kwashe kashinsa, ina yi masa wanka. Aiki ne, na yi shi.

Na biyu. A wankan farko tawul ya fito da baƙi daidai inda na goge ƙirjinsa. Na ɗauka datti ne. Sannu a hankali farin gashi ya bayyana a wurin, bai fi tafin hannun jariri ba. Hotunan da nake tura wa maigida duk a wajen yawo nake ɗauka, ɗamarar da ake ɗaura masa ta rufe wurin. Ban ɓoye komai ba, ban ma san akwai abin ɓoyewa ba. A wurinmu tunkiya mai tabo ai tunkiya ce.

Na uku. Gab da gasar cin kofin duniya maigida ya dawo, baƙi 'yan kallon ƙwallo suka cika gidan. Cikinsu akwai wani mai ji da kansa a sanin karnuka. Ya ɗaga haɓar karen, ya ga farin, nan take ya yanke hukuncin cewa barbarar yanyawa ne. Maigida ya buɗe hoton ranar da aka sayo shi, ga ƙirji baƙi ƙirin. Shi ke nan, aka ce na sayar da na asalin na kawo na bola. Aka karɓe makullin mota, aka ce in kwashe kayana. Yanzu a raɓe nake a ɗakin wani bawan Allah ɗan Zangon Kumasi a unguwar Al Asmakh, kuma maigida, wanda shi ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya ce da zarar an tashi daga ƙwallo zai soke takardar zamana.

Na huɗu. Na je wurin likitan dabbobin da ke yi wa karen allura. Ya ce ɗan farin ƙirji ba ya fitar da irin wannan kare daga asalinsa, ana haifar su da shi, masu shiga gasar kyau ne kawai ba sa so. Amma ba zai rantse cewa wannan shi ne wancan ba, baƙaƙen karnukan da yake gani suna da yawa. To ka ga, rinin da aka shafa don rufe farin ko amfani ba shi da shi. Ban ce kai ka shafa da hannunka ba, ban gani ba. Abin da na sani, daga shagonka ya fito da shi, kuma ni ake duka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gari ya cika da tutoci da kiɗa, ni kuwa sai kai gwauro kai mari nake yi a Corniche, titin bakin teku, in zauna in tashi, in duba waya in mayar aljihu. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji.

Roƙona shi ne ka kira maigidana da bakinka, kafin a buga wasan ƙarshe. Ka gaya masa karen da farinsa aka haife shi, kuma a wurinku aka rufe farin. In kuna da hoton kwikwiyon kafin a shafa masa rini, ko uwar tasa na nan, a nuna masa. Kada kuma ka kori yaron shago ka ce an yi adalci, na san ɗacin wannan.

Ko aikin bai dawo ba zan haƙura, arziki na Allah ne. Sunana nake nema. Akwai 'yan unguwarmu a garin nan, labari zai riga ni isa gida. A Zariya an san ɓarawon akuya, an san ɓarawon babur. Ni ina da 'ya'ya mata da za su yi aure wata rana, kada a nuna su a ce 'ya'yan ɓarawon kare ne.

Allah ya albarkaci kasuwarka, ya ba ka ikon faɗin gaskiya, ya tsare ka daga ɗaukar laifin da ba naka ba.

Wassalam.

Sabi'u Dauda,
Al Asmakh, Doha.