Abin da na ji a bayan muryar yayana

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, shekarata hamsin, malamin sakandare. Gidanmu gidan masunta ne, ni kaɗai na yi jami'a. Da kunnena ya fara nauyi, wani ɗan kasuwa mai tsallakawa Benin ya kawo mini 'yar na'urar ƙara sauti, ba ta fi akwatin ashana ba, ana haɗa ta tsakanin waya da iyafis ɗin da ake sa wa a kunne. Don sauraren tafsiri na karɓe ta. Amma ban jima ba na gane tana fito da abin da lasifikar waya ke haɗiyewa: maganganun da ake yi nesa da mai aiko saƙon murya. Sai ya zame mini ɗabi'a. Mutum na ta jero gaisuwa da addu'o'i, ni kuwa hankalina na bayansa. Na ji mai ta'aziyya yana karyar da murya alhali a gefensa ana cinikin rago da shi. Na ji mai cewa yana masallaci ana buga ludo kusa da shi. Na raina mutanen garinmu ƙwarai, ina ganin ni kaɗai ne mai gaskiya. Na san bin diddigin asirin mutane haramun ne, ina ma koya wa ɗalibai hakan, amma ban daina ba.

A wurinmu akwai tafkin da Sarkin Ruwa ke rufewa bayan ruwa ya janye, ba mai jefa komar kamun kifi a ciki sai ranar da aka buɗe su, wato kamun kifin gayya, ga kowa. Kwanan baya aka iske an shiga an kwashe kifi. Nan take aka ɗora laifin a kan Malam Isa, maƙwabcina, don kawai iyayensa daga tsallaken iyaka suka zo kuma an ga jirginsa a kusa. Aka ƙwace jirgin da komarsa, aka ce ba zai shiga sun bana ba sai in an sami mai shaidar da za ta wanke shi. Da wannan sun yake ciyar da gidansa har damina.

A safiyar da aka yi ɓarnar, yayana ya aiko mini saƙon murya na ba da haƙuri cewa ba zai zo sunan jikata ba. "Malam, zazzaɓi ya kayar da ni, ina nan kwance cikin ɗaki," in ji shi, har da nishi. Da na sa na'urar sai na ji filafili na bugun gefen jirgi, ruwa na tsiyaya daga koma, sannan muryar babban ɗansa Sani daga nesa: "Baba, aje wayag ga mu ja, kada mutanen Sarkin Ruwa su ishe mu." Na maimaita har kunnena ya yi zafi. Ba kuskure.

Wannan yayan nawa shi ne na sahun gaba a masallaci, shi ne mai tsare yara a hanya kan ɗan kiɗan waya. Ranar zaman shari'ar Isa shi ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa baƙi sun ɓata mana ruwa. Ina zaune ina kallonsa da tasbaha a hannunsa, wayar na aljihuna. Wane irin mutum ne wannan? To ni fa, da na san gaskiya na sunkuyar da kai, da me na fi shi? Ashe ilimin nawa na leƙen asiri ne kawai?

Na same shi a zaure na ce, "Yaya, ranar sunan nan, a ɗaki kake kuwa?" Ya dube ni ya yi dariya. "Kai da ba ka jin kiran salla sai an taɓa ka, yau kai ne mai bincike? Boko dai bai bar ka da komai ba sai tambaya." Na tashi na fita. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da kifinsa na yi karatu, ya kuma san na san haka.

Jiya Isa ya zo ƙofar gidana ya durƙusa. "Malam, Yaya na jin maganarka. Don Allah ka roƙa mini shi ya sa baki a mayar mini da jirgina." Na ce masa in sha Allah. Ko idonsa ban iya kallo ba.

Ranar Asabar za a buɗe su. In na kai saƙon gaban Sarkin Ruwa, na tona yayana, na kuma sanar da gari duka cewa ina sauraren bayan muryoyinsu. In na yi shiru, Isa zai tsaya a bakin tafki yana kallon yayana na jan koma. Saƙon na nan cikin wayata, ban goge ba. Jama'a, me zan yi kafin Asabar?