Rabin Waƙa a Kaset

Agege, Ikko
8 ga Fabrairu, 1976

Zuwa ga abokina Harouna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maraɗi baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Batulu tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana zuba sukari cokali biyar a shayi.

Na san za ka juya takardar nan ka ce wane Iliyasun. Ni ne dai, tela na bakin tashar jirgi, wanda ka yi shekara huɗu kana zama a kan bencinsa kana hana shi ɗinki da gardama. Shekara bakwai ke nan ban ji ɗuriyarka ba, sai makon jiya Boubacar direban motar goro ya ce ya san shagonka.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne za a rushe otal ɗin Mama Ronke. Titi zai bi ta kansa. Yanzu kuɗin mai sun sa ko'ina a Ikko rami ne da siminti. Ranar Lahadi aka yi wasan la'asar na ƙarshe, na je. Oga Kofi ya tsufa, amma saksafon ɗinsa bai tsufa ba, kuma halinsa na nan: ana cikin waƙa mai daɗi, 'yan matan nan uku masu rera waƙa sun haɗa murya kamar zare uku a igiya ɗaya, sai ya tashi ya shiga jaz ɗinsa. Ya tafi yawo, minti goma, har na manta wace waƙa muke ji. Sa'idu mahauci yana ta ihu wai wannan shi ne kiɗa. Na ce masa wannan ba kiɗa ba ne, ɓatan hanya ne da ƙaho. Muka yi ta yi har aka tashi. Amma Sa'idu bai iya gardama ba, da ka matsa masa sai ya ce to shi ke nan. A hanyar gida na gane kai nake nema.

Na sayi rikoda. Ga kaset nan na ba Boubacar. Waƙarmu ce ta jirgin yamma, wadda muka haɗa a shago, ni a ƙasa da murya mai kauri, kai a sama da siririyar. Na yi nawa layin kaɗai, na bar maka wurinka. Idan ka ji muryar ta ɗan dushe, mura ce.

Ka huta lafiya.
Naka,
Iliyasu Sanda

Maraɗi
1 ga Maris, 1976

Zuwa ga Malam Iliyasu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Takardarka ta iso, kaset ma ya iso. Muna lahiya lau. A gaida Hajiya Batulu, a ce mata likita ya mai da ni cokali biyu.

Na yi mamaki da ka tuna da ni, tunda ni ne mutumin da ka ce, a gaban Oga Kofi da mutum ɗari biyu, "Baƙon Faransa, in ba ka iya bin layi ba ka koma garinku." To na koma, ina nan ina sayar da tayoyin keke, kuma babu wanda ya taɓa cewa na saki layi.

Tunda ka yi kamar ka manta, bari in tuna maka. Wata shida muna roƙon Oga Kofi ya bar mu mu hau dandamali mu yi waƙa ɗaya. Ya yarda. Muka yi baiti biyu lafiya. A na uku mai ganga ya canza bugu, na ji wata hanya ta buɗe a gabana, na bi ta. Ban shirya ba, ban yi don in kunyata ka ba. Kai kuma ka tsaya da baki buɗe, mutane suka yi dariya. Na yarda na bar ka. Amma kai ma ba ka biyo ni ba, kuma taku biyu ne tsakaninmu.

Kuma har yanzu ba ka fahimci Oga Kofi ba. Ba ɓata yake yi ba. Ya san inda gida yake, shi ya sa yake iya zagayawa ta bayan kasuwa. Wanda yake son waƙa ta fito yau yadda ta fito jiya, ya zauna a ɗaki da faifan garmaho. Ana zuwa wasa ne don a ji abin da ba za a sake ji ba. Kai tela ne, komai sai an auna an yanka. Ni abin da nake so a kiɗa shi ne lokacin da mai busa da kansa bai san inda zai sauka ba.

Kaset ɗinka na kai wurin maƙwabcina mai rikoda, na saurara. Abin dariya ne murya ta ƙasa ita kaɗai, kamar mutum yana amsa sallamar da ba a yi masa ba. Na ji shi sau ɗaya don in gane abin da kake nufi. To, sau da yawa dai. Wannan ba mura ba ce ta hana ka kai ƙarshen baiti na uku, tsufa ne.

Wassalam,
Harouna Idrissa

Agege
20 ga Maris, 1976

Harouna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarka sau uku, na farko da fushi.

Maganar da na faɗa maka ranar nan mummuna ce. Kunya ce ta sa ni, amma wannan ba hujja ba ce. Ka yafe mini. Na daɗe ina son in faɗi haka, na yi ta jira kai ka fara, da yake ni jaki ne.

Amma a kan kiɗa ban janye ba. Kana maganar mai busa, shi kaɗai ne a kan hanyarsa, in ya faɗi shi ya faɗi. Murya biyu ba haka take ba. Ni da nake ƙasa, duk abin da nake yi don kai nake yi. Idan ka hau nan, na san inda zan tsaya in tare ka. Daɗin ba a muryata yake ba, ba kuma a taka ba, yana tsakani, wurin da suka haɗu har ka ji ƙirjinka yana rawa. In ka tafi yawo ba ka gaya mini ba, me zan riƙe? Mutanenmu na Arewa 'yan amshi duk murya ɗaya suke bi, mu ne muka koyi wannan abu a Ikko, a bakin tagar cocin Yarbawa, kana tsoron kada wani ya gan mu. Ka tuna?

Ba na neman ka zo, na san nisa. Ka sa muryarka a kan tawa ka dawo mini da kaset ɗin. Ina son in ji mu tare sau ɗaya. Kada ka ɗauki lokaci.

Abokinka,
Iliyasu

Maraɗi
11 ga Afrilu, 1976

Iliya, kamarad,

Ina gaisuwa. Na yafe, tun kafin in kai Jebba a jirgi na yafe, girman kai ne ya hana ni juyowa. Ni ma ka yafe mini.

An gama aiki! Ga kaset nan a hannun Boubacar. Kwana ashirin ina zuwa gidan maƙwabcina bayan la'asar ina jin ka, har matarsa ta haddace waƙar. Na san inda kake jan numfashi, na san inda kujerarka ta yi ƙara. Yau na mai da kaset farko, na danna jan maɓalli yadda ya nuna mini. Da na danna sai muryarka ta yi shiru. Na ce masa ina Iliya? Ya ce haka injin yake, ba ya magana yana saurare. Ban damu ba, ai kana cikin kunnena. Na yi nawa daga farko har ƙarshe, ina gamawa batir ya mutu, ga Boubacar yana ta hon a waje, shi ya sa ban ji yadda muka fito ba. Kai za ka fara ji, ka rubuto ka gaya mini wanda ya fi.

Gardamar jaz kuwa ba ta ƙare ba, ina da sauran magana.

Naka har kullum,
Harouna

Agege
2 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Yaya Harouna,

Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Ni ce Batulu matar abokinka. Bai san na rubuta ba, in ya sani zai yi mini faɗa, amma ban damu ba.

Yaya, ba mura ba ce. Tun bara wani abu ya fito masa a maƙogwaro. Likita ya ce sai an yanke, kuma in an yanke murya ba za ta dawo ba. Shi ya sa ya sayi rikoda. Kwana tara yana gwadawa a shago, ya rufe ƙofa, ya tsayar da keken ɗinki, kafin ya samu rana ɗaya da muryar ta yarda ta kai ƙarshe. Na ce masa ya ajiye wannan kaset a gida, ya ce ai zai dawo, kuma zai dawo da riba. Bayan nan ya sake gwadawa, ba ta ƙara fita ba.

An yi aikin ranar goma sha huɗu ga Afrilu. Ya tashi lafiya, alhamdu lillahi, muka dawo da shi gida a motar haya ta danfo. Yanzu da allo da alli yake mana magana, kuma ko a allon faɗa yake yi.

Boubacar ya kawo kaset ranar Juma'a. Malam ya sa sabuwar riga, ya kira Sa'idu da Oga Kofi, na dafa shayi. Aka kunna. Muryarka ce ta fito, Yaya, ita kaɗai. Muka jira tasa har aka gama, babu. Oga Kofi ya ce in ka danna jan maɓalli, duk abin da ke ciki gogewa yake yi. Ba wanda ya gaya maka, mu ma ba mu sani ba.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Ina so ka san abin da ya yi. Ya mai da kaset farko ya sake kunnawa. Sai na ga leɓensa yana motsi, yana yin nasa layin a ƙarƙashin naka, babu sauti. Da aka zo baiti na uku ya ɗauki allo ya rubuta, "Bai saki layi ba ko sau ɗaya." Ya nuna wa kowa, yana dariya hawaye na zuba.

Kullum yanzu sai ya ji shi. Ni ce dai nake fita tsakar gida, don ni shekara goma sha takwas ina jin muryar nan, kuma yanzu babu inda zan je in same ta.

Ka gaida maiɗakinka Yaya Aïchatou da yara.
Ƙanwarka,
Batulu

Maraɗi
19 ga Mayu, 1976

Iliya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka yi wa Batulu faɗa.

Da hannuna na goge ka. Ni da nake cika baki cewa daɗin kiɗa shi ne a ji shi sau ɗaya ya wuce, yau da za a karɓi shagona a dawo mini da minti huɗun nan, da na ba da mabuɗi. Na ce maka tsufa ne ya hana ka kai baiti na uku. Wannan maganar tana hana ni cin abinci.

Abu ɗaya nake da shi. Kwana ashirin ɗin nan ba su tafi a banza ba. Layinka yana kaina, duk da inda kake jan numfashi. Muryata ba ta da kaurin taka, amma da safe tana sauka. Na gwada, tana zuwa. Idan ka yarda in zo, za mu kunna kaset ɗin, shi ya yi sama, ni in yi ƙasa a madadinka, Batulu ta ji. Zan yi shi daidai yadda ka yi, ba zan ƙara ko ɗigo ba, na rantse.

In kuma ba ka son ganina, ka aiko Boubacar da baki, zan gane.

Harouna

Agege
30 ga Mayu, 1976

Harouna,

Gaisuwa. Boubacar zai taso daga Maraɗi ranar Talata bayan ya kawo maka wannan takarda, na ce ya ajiye maka gaban mota. Benci yana nan inda ka bar shi.

Layina na ba ka, naka ne. Amma ban yarda da rantsuwar nan ba. Na ji ka a kaset kana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, duk don ni, kuma ba kai ba ne. In ka zo baiti na uku hanya ta buɗe, ka bi ta. Ina da hannu biyu, zan riƙe maka bugu a kan teburin yanka har ka dawo.

Ka zo da sauran maganarka ta jaz. Na sayi alli kwali guda.

Sai ka iso.
Iliya