Na Yi Bakance da Ƙafar Mijina

Gwaggo Safina, sallama da fatan alheri. Don Allah ki taimake ni, godiyar Allah ce ta jefa ni cikin wani hali, na rasa wa zan tambaya.

Ni mutuniyar Kiyawa ce, ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan garinmu ba. Amma Allah ya haɗa ni da mijin da abincinsa ke cikin ruwa. Da an gama girbi sai ya tafi Baga, yana da kwale-kwale mai inji, yana ɗauko bandar kifi daga tsibiran Tafkin Chadi. Labarinsa kuwa sai ta bakin Malam Nata'ala, direban motar kifi da ke bi ta garinmu.

Bana, bayan ƙaramar Sallah, Malam Nata'ala ya tsaya a ƙofar gida, ko ruwa ya ƙi sha. Wai wani masunci ya ga maigidana a tsakiyar tafki shi kaɗai, inji ya mutu, yana ta jan igiyar tayar da shi. Masuncin ya ce ya kawo igiya ya ja shi, maigida ya ce a'a, yanzu injin zai tashi. Daga nan iska ta taso, ba a sake ganinsa ba.

Gwaggo, ban san akwai jira irin wannan ba. In ɗora tukunya in manta ban sa gishiri ba. Duk ƙarar mota sai in fito ba mayafi. Mata suna shigowa jaje, wata har tana yi mini bayanin takaba a kaikaice, na so in watsa mata ruwan wanke-wanke. Surukata, Allah ya saka mata, ita da ɗanta ya ɓace ita ce take lallashina.

Wata rana bayan la'asar, a gabanta, na ɗaga hannu na ce Allah, in ka dawo mini da shi, na yi bakance ƙafarsa ba za ta ƙara taka jirgi ba. Ban tsaya nan ba, duk wadda ta shigo sai na faɗa mata.

Allah kuwa ya amsa. Ya dawo a rame, tafin hannunsa duk ya ɗaye saboda tura jirgi da gora a cikin ciyawa. Wani makiyayi da ake kira Modibbo ne ya tsince shi a gefen tsibiri, ya yi jinyarsa da madara har ya miƙe. Ranar da ya dawo na yi kuka har maƙwabta suka ɗauka mummunan labari ne. Wallahi har yau in na gan shi yana alwala a tsakar gida sai in ji hawaye.

To ga matsalar. Da na gaya masa bakancen sai ya yi dariya, wai da ƙafar wa na yi. Yanzu an aiko an gyara injin, yana shirin komawa, har ya ware buhun gero zai kai wa Modibbo. Na daina yi masa magana sai dole. In na bar shi ya tafi, ban yi wa Allah butulci ba? In na hana shi, gonarmu ba ta kai mu damina. Yaya zan yi?

Mai godiya, daga Kiyawa

AMSA

'Yata, barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, don na san ƙauna ce ta sa ki wannan ɓaram-ɓarama.

Tambayar da mijinki ya yi miki cikin dariya, ita ce malamai za su yi miki ba dariya. Mutum yana bakance da abin da ya mallaka ne, azuminsa, sadakarsa, akuyarsa. Ƙafar mijinki ba taki ba ce. Ki je ke da surukarki wajen malamin unguwarku, ki maimaita masa lafazin da kika yi daidai, in akwai kaffara ya faɗa miki ki yi. Matan da kika shaida wa kuwa, su ba su za su ciyar da gidanki ba.

Amma shi ma ban wanke shi ba. Mutumin da aka ce ya kawo igiya a ja shi ya ce a'a, girman kai ne ya kusa mayar da ke bazawara. Kina da hakkin ki nemi abu uku: kada ya ƙara shiga tafki shi kaɗai, ya riƙa tafiya da fulogin inji da filafilin tuƙi na ko-ta-kwana, kuma duk zuwan Malam Nata'ala ya zo miki da saƙo. In ya yi gardama, surukarki ta isa ta zaunar da shi.

Godiyar da kike tsoron ɓatawa kuma, ga inda za ki kai ta. Geron nan na Modibbo, ke za ki surfa shi da hannunki, ki haɗa da kuka da daddawa, ki ce daga matar mutumin da ya shayar.

Sannan ki daina gaba da mutumin da kika roƙi Allah ya dawo miki da shi. Tun dawowarsa kina ce masa kin yi bakance, ban ga inda kika ce masa kin ji tsoro ba. Ki faɗa masa, ki kama tafin hannun nan da ya ɗaye ki faɗa masa. Ba na jin zai yi dariya wannan karon.

Allah ya kai shi lafiya, ya dawo miki da shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggo Safina