Na Yanke Rabin Maganar Dattijo da Reza

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku yanke mini hukunci.

Ni ɗan Tsafe ne, ina gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo. Tun da aka ba mu jiha nake mafarkin ranar da zan yi sharhin ƙwallo a filinmu na kanmu. Sai ga wani kwamiti da tsarin sabon fili a hanyar Gusau zuwa Bunguɗu: itatuwa za su kewaye shi, ruwan saman da ya zubo daga rufi za a tara a riƙa ba ciyawa, fitilu kuma da hasken rana za su yi aiki. Wa zai ga wannan bai so ba?

Na je ƙauyen da ke kusa da wurin, na ɗauki muryar Sarkin Noma, dattijon da ya shimfiɗa mini buzunsa ya ba ni fura. Ya ce, "Mun yarda, Allah shi sa albarka. Amma ba bisa tabkin ga ba, nan bisashenmu da na Filani ka shan ruwa." Da na koma ofis na ɗora tef a kan na'ura, na sa reza na yanke daga "amma" zuwa ƙarshe, na liƙe. Ba wanda ya sa ni. Tsoro na ji kada a fasa aikin. Guntun na jefa a kwandon shara, an kuma share. Abin da jama'a suka ji shi ne, "Mun yarda, Allah shi sa albarka." Da wannan murya kwamiti ya kafa hujja, yanzu har an kakkafa turakun awon filin a bakin tafkin.

Mutanen ƙauyen sun ce dattijon ya sayar da su. Sun daina gaishe shi, makiyaya sun aiko masa da gargaɗi, an kuma sassare masa dawa tun ba ta nuna ba. Shekaranjiya ya hau mota ya zo har ofishinmu. Na zaci zagina zai yi, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, injin naku ya haɗiye rabin maganata. Ka taho Juma'a gaban hakimi ka hwaɗi abin da kunnenka ya jiya. Kai za su yarda da kai, muryarka su ka ji kullum." Kunya ta hana ni kallon idonsa. Na ce, "To, Baba."

In na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, kuma ban san ko zan fito daga taron nan lafiya ba. Mahaifiyata da ke kunna rediyo a Tsafe don ta ji ni, da wane ido zan dube ta? In na ɗora wa inji laifi, za a ce in dafa Alƙur'ani. In na ƙi zuwa, wanda ya sare dawa, me zai sare gobe?

Baba ya ce zai ajiye mini wuri kusa da shi. Jama'a, jibi ne Juma'a. Me zan yi?