Kantar da Ban Ɗora Ba

Zuwa ga Doguwata, inuwar da nake hutawa in rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, bishiyar da ta yarda ta sunkuyo don gajere irina.

Gaisuwa daga mijinki wanda ya gaji liƙis amma bai haƙura ba. Ina fata ciwon bayan naki ya ɗan lafa. Ki gaishe min da Inna, ki ce ina godiya da ɗawainiya.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi in zai sayi kabad irin na haɗawa, wanda ake kawowa falle-falle a kwali mutum ya ɗaura da kansa. Sai ya ɗauki tef ya auna bango, tsawo kaza, faɗi kaza, ya nufi shago yana ganin ya gama aiki. Shekara ashirin da biyu ina ce wa ɗalibaina su karanta tambaya kafin su fara lissafi, ga shi ni ma haka na yi. Na auna bango, ban tsaya na dubi wadda za ta buɗe kabad ɗin ba.

Ranar da aka sallame ki daga asibiti bayan hatsarin, aka wuce da ke gidan Inna a kan keken da yanzu ya zama ƙafafunki, na ce zan gyara miki kicin kafin ki dawo. Mai shagon ya baje min takarda: akwai mai faɗin santimita arba'in, da sittin, da tamanin, akwai mai zurfi da mara zurfi, akwai gajere, akwai wanda ke kusan taɓa silin. Ya ce, "Malam, maiɗakin naka doguwa ce ko gajeruwa?" Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya amsa, har da alfahari: "Doguwa ce." To me zan ce? Tun ranar da na fara ganinki nake ɗaga kai in dube ki, kamar mai duban wata.

Kin tuna ɗakinmu na farko, lokacin da likita ya hana ni sukari? Kika ɗora gwangwanin sukarin can saman kabad ɗin kaya, kika ce, "Malam, ranar da ka yi tsayi ka ɗauka." Kika dawo daga kasuwa kika same ni a kan kujera, cokali a hannu, kika yi dariya har kika zauna a ƙasa. Wannan matar na yi wa sayayya, hasken idona. Zuciyata ba ta yarda ta zauna ba.

Yammaci uku na yi ina haɗawa bayan an tashi makaranta. Littafin bayanin ba kalma ko ɗaya, sai zanen wani ɗan mutum yana murmushi, alhali ni ban ga abin murmushi ba. Sau biyu ina sa allon baya a juye. Ɗan ƙarfen ɗaure sukuru ya tayar min da bororo a tafin hannu. Da na gama, na jera kayanki yadda kike jerawa, har kofinki mai shuɗin baki a kanta ta uku.

Sai ƙanwarki Auta ta kawo ki ran Asabar. Kika tura keken, kika ja ƙofar, ƙofar ta bugi gwiwarki. Kika ja da baya, kika ɗaga ido, kika miƙa hannu wajen kofin. Ya rage kamar taƙi biyu. Kika sauke hannun a hankali kika ce, "Ya yi kyau, Malam. Wadda za ta yi amfani da shi za ta ji daɗi." Da zagina kika yi da ya fi min sauƙi. A hanyar komawa gidan Inna kika ce wa Auta ba za ki zauna a gidanki kina roƙon kofi ba. Mako biyar ke nan, kuma gidan nan ya zama rijiyar da ruwanta ya janye.

Na kwance shi duka. Katakon nan ba ya son a ɗaura a kwance, ramukan sukuru sai su fara marmashewa, kamar yadda ni ma nake ji a gaɓoɓina. Na koma shago na musanya dogayen da gajeru, na jera su ƙasa-ƙasa a jikin bango, ba abin da ya wuce ƙuguna. Auta ta leƙo ta riƙe baki. Ta ce, "Yaya Malam, wannan kicin ne ko ajin 'yan firamare? Ƙafa ce ta samu matsala, hannun Yayata yana nan da tsawonsa. Ka haɗa da allo da alli kawai mu huta." Na yi dariya don kada in yi abin da ya fi dariya. Gaskiya ta faɗa. Da farko na manta abin da ya same ki, na biyu kuma ban ga komai a jikinki ba sai abin da ya same ki. Wanne ya fi ciwo, ya sanyin zuciyata? Ke kaɗai kika sani.

A karo na uku na jawo kujera na zauna, na yi yini guda ban miƙe ba a kicin ɗin. A nan na koyi abin da babu a takarda. Mai zurfi ba na mai zama ba ne, duk abin da ya shige ciki ya tafi ke nan, don haka na ɗauki marasa zurfi. Ƙofa tana tare hanya, durowa kuwa ita ke zuwa wurinki, sai na sa durowa a ƙasa duka, masu dogon mariƙi da ko da yatsa biyu za ki ja. Na bar fili mai faɗin tamanin a tsakiya, babu komai a ƙarƙashi, don gwiwoyinki su shige ki yi yanka a saman. Na kafe kowanne a bango, ko kin dafa da dukkan nauyinki ba zai motsa ba. A sama na ɗora guda ɗaya kacal, mara ƙofa.

Wannan na saman ne ya tsayar da ni. A jikinsa akwai ramuka a jere daga ƙasa zuwa sama, inda ake sa 'yan ƙusoshin da ke riƙe kanta. Wane rami zan zaɓa? Hannuna gajere ne, in na auna da nawa na rage miki. In na yi kirdado, na san inda kirdado ya kai ni sau biyu. Allon kantar yana nan jingine da bango, ƙusoshin huɗu suna cikin faranti, kullum in na dawo daga aiki sai in dube su in wuce. Na gaji, Doguwata. Bayana ya gaji, yatsuna sun gaji, na gaji da shan shayi ni kaɗai ina sauraren ƙarar firij. Abin da ban gaji da shi ba shi ne jiranki.

Ban yi miki alkawarin ba za ki taɓa neman taimako a gidan nan ba, don ni ma shekara ashirin ina neman naki. Alkawarina shi ne ba zan ƙara yanke miki tsayi ina tsaye ba, ba kuma zan rage miki ko rami ɗaya ba.

Ki zo ki gwada da kanki, ko na awa guda ne. Ki shige filin nan, ki miƙa hannun nan da ya riƙe ni tun ƙuruciya, ki sa yatsa a rami mafi nisa da kika kai. A nan zan ɗora kantar, a gabanki. Na sayo gwangwanin sukari yana jira. Na riga na gwada, a zaune ma kin fi ni. Ki ɗora shi a can, ni kuma na rantse ba zan miƙe in ɗauka ba.

Naki, a tsaye ko a zaune, har ranar da numfashi zai ƙare,

Gajerenki